Kan Tarwaɗa

A tsakiyar fadamar Rima, ƙasa da Argungu kafin a kai Gulma, akwai wani tudu da ake ce wa Tungar Bado. Wata bakwai a shekara ruwa na zagaye shi ta ko'ina ya zama tsibiri, ko gaisuwar mutuwa za ka ƙetare sai da jirgi. Gidaje tara ne a kai, da giginya uku, da ɗan masallacin zana. Mutanen wurin ba su da wani abin a zo a gani, amma fa bakinsu ya lalace da daɗi. Kifin da za su ci da rana, da hantsi yana cikin ruwa yana harkar gabansa. Albasa sai tukunya ta hau wuta ake zuwa bayan ɗaki a tuge ta. Jar shinkafarsu a ƙofar gida take tsirowa, tana bin ruwa tana tsawo, in ta nuna a shiga jirgi a yanke ta. Bandar kifi kuwa suna yi, amma ta kasuwa ce, ta mutanen tudu, su ba sa sa ta a baki.

A nan Luba ta yi shekara arba'in da wani abu a ɗakin Dankure. Shi ke kamu, ita ke dafawa, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa cin kifin da ya kwana a mace ba. Ba wai wata tsiya ko iyayi ba ne. Haka ya tashi ya tarar, kuma bai taɓa nisa da gida ba har ya san akwai wata irin rayuwa.

Ɗansu na fari sunansa Attahiru, amma daga bakinsu ba za ka taɓa jin sunan ba. Kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Luba takan ce "wancan", Dankure yakan ce "yaron nan", in kuma yana wurin sai su yi magana da bango ko da wani na kusa, shi ya tsinta. Ba su ɗauke shi a gaban mutane ba, ba su yaba masa ba, ba su tambaye shi ko ya ƙoshi ba. Abu ɗaya Dankure ke yi. In ya gama cin abinci, sai ya bar kan tarwaɗa a cikin akushi, kan da kowa ya san nan daɗin yake, ya tura akushin da ƙafa wajen ƙofa yana kallon wani gefe. Yaron ya zo ya ɗauka, ya tsuguna bayan ƙyaure ya tsotse. Iyakar hirar uban da ɗan ke nan har yaron ya shekara takwas.

A shekara ta takwas ɗin aka ce Bature na son yara a makarantar boko ta Argungu, rabo ya faɗo kan Attahiru. Daga Argungu aka tura shi gaba, daga gaba aka ƙara tura shi gaba, bayan an gama yaƙin Turawa sai ga shi ya zama duba-gari a Birnin Kebbi, da kaki, da takalmi, da dogon ludayin leƙa randunan mutane. Yana aiko da tufafi kowace salla. Yakan zo kuma, amma da gorar ruwansa tafasasshe a rataye, ya wuni ya koma.

To, a ƙarshen daminar da nake ba ku labari, ƙayar kifin ƙurungu ta soki Dankure a diddige. Abin da ke faruwa kullum ne, wa ya damu? Sai ƙafa ta kumbura ta yi baƙi har ƙauri. Labari ya kai Birnin Kebbi, Attahiru ya zo da kansa, ya sa aka ɗauki uban zuwa asibiti. Luba ta so bin su. Dankure ya ce ta zauna, shinkafa ta fitar da kai, tsuntsaye sun fara sauka, in sun tafi su biyu wa zai kore su? Ta zauna ɗin, amma zuciyarta ba ta zauna ba.

Kwana ashirin da ɗaya sai ga Labbo, ƙanen Dankure, ya dawo daga dubiya. Shi ma tsoho ne, furfura ta cika masa gemu, amma tsakaninsa da matar wansa wasa ne tun tana amarya. Ranar bai yi wasan ba. Ya ɗaure jirgi, ya zo ya zauna a kan turmi.

Luba ta ce, "Hwaɗi mana. Sun yanke ƙahwar?"

"Ƙahwa lahiya lau. Likita ya wanke ta, an sallame shi, shina gidan yaron. Sai dai an ce rauni ba ya haɗewa in mutum bai cin abinci. Shi kuwa Yaya ya rame, Luba. Wallahi in kin gane shi sai kin yi kuka."

"Ba su ba shi abinci?"

"Abinci? Irin wanda ko hakimi bai samu. Shinkahwa hwara tas daga kanti. Kihi cikin gwangwani, da mai. Madara cikin gwangwani. Burodi da shayi da sahe. Yarinyar nan Laure, matar yaron, ba ta zama, kullum tana bakin murhu."

"Shi mi ya ce?"

"Shina cewa alhamdu lillahi, ya ƙoshi."

Luba ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Bai tambaye ka komi ba?"

Labbo ya sosa gemu. "Ya tambaye ni ko ruwa sun sauka daga gindin giginyar tsakiya. Na ce da saura. Sai ya juya ma bango."

Shi ke nan, Luba ta gane. In ruwa ya fara sauka daga gindin giginyar nan, lokacin ne tarwaɗa ke taruwa a gurbin bayan gidansu, sun ci sun yi ƙiba, cikinsu rawaya. Mutumin nan yunwa ke kashe shi a gaban abinci. Kuma ba zai faɗa ba. Da wane baki zai dubi ɗan fari ya ce abincin gidanka ba ya shiga mini? Gara masa ya mutu da ya faɗi haka, kuma ta san shi, zai iya mutuwar. Tsoro ya kama ta, sai kuma haushi ya biyo baya, haushin tsohon da taurin kansa, da na yaron da ya yi karatu har ya manta gidan da ya fito.

Ta ce, "Labbo, tashi ka kai gurar kamun kihi gurbin nan na bayan gidanmu. Gobe da sahe za mu Birnin Kebbi."

"Da kihi? Ke, Birnin Kebbi babu gulbi? Ruwan ga da kinka gani, su ne ka wucewa ta ƙasan garinsu."

"Sai sun gaji suka isa can. Tashi."

Da gari ya waye akwai tarwaɗa goma sha ɗaya a cikin gura. Ta tsuguna ta zaɓi uku. Ba manyan ba, don manya namansu ya yi sako-sako. Matsakaita ta ɗauka, masu faɗin kai da rawayan ciki. Aka mayar da su cikin ƙaramar gura, aka toshe bakin, aka ɗaure ta a gefen jirgi yadda za ta riƙa tafiya a cikin ruwa. Ta shiga gona da laujen Dankure, ruwa har ƙugu, ta yanko shinkafar bakin tudu da ta riga sauran nuna, ta buge ta, amma ba ta surfa ba. Ta tugo albasa da lawashinta da ƙasarta, ta dasa a tsohuwar ƙwarya. Ta tsinko sure, wato yakuwa, da barkonon tonka ta naɗe a jiƙaƙƙen ganyen bado. Ta ɗauki daddawar da ta yi da hannunta, da tsohon akushin maigida, da tulu, ta kuma cika babbar gora da ruwan gurbin. Gona ta bar wa Hodi, matar maƙwabci, ta ce ta yi iya abin da za ta iya da tsuntsaye.

Labbo ya tsaya yana kallon kayan ya ce, "Giginyar kinka manta. In sare miki?"

"In da za ta shiga jirgi, da ka sare."

Kwana biyu suka yi a ruwa, don Rima ba ta san miƙewa ba, sai ta yi gabas ta yi yamma kafin ta yi gaba. Labbo na baya yana tuƙi yana mita, Luba na tsakiya hannunta ɗaya a kan igiyar gura. Jim kaɗan ta jawo ta leƙa, jim kaɗan ta yayyafa wa albasa ruwa. Labbo ya ce ko ranar da aka kawo ta amarya ba a lallaɓa ta kamar yadda take lallaɓar kifin nan ba. Ta ce ai shi ya tuƙo jirgin ranar, ta tuna, saura kaɗan ya kife da ita. Suka kwana a wata tunga wurin 'yan'uwan Labbo na wajen uwa, suka yi sammako.

Rana ta biyu da hantsi ta jawo gura ta tarar ɗaya ta juya ciki sama. Igiya ce ta matse ta a wata kwana. Luba ta riƙe ta a hannu ta daɗe tana kallo, idonta ya kawo ruwa, ita kanta ta ji kunyar kuka a kan kifi. Labbo bai yi mata dariya ba. Ya tsaya a wani yashi ya hura wuta, suka gasa ta suka ci tun da sauran ɗuminta, suka ci gaba da biyu.

Wajen azahar suka isa mashigin Birnin Kebbi. Garin yana can sama a kan tudu, sai an hau. Luba ta cika tulu da ruwa, ta saka tarwaɗan, ta rufe bakin da ganyen bado, Labbo ya aza mata a ka. Shi ya kwashi sauran. Tana hawa tana jin su suna motsi a saman kanta, duk bugun wutsiya ɗaya sai ta ce alhamdu lillahi a ranta.

Gidan Attahiru an shafe shi da farar ƙasa, ƙofar gida a share ƙal, ko kara ɗaya babu. Ta sauke tulu a bakin zaure ta bar Labbo yana gadi, ta yi sallama ta shiga. Laure ta fito da sauri ta durƙusa har ƙasa. Yarinya ce 'yar birni, mai sanyin murya, kuma da ganin idonta ba ta samun barci.

"Sannu da zuwa, Inna. Sannu da hanya."

"Yawwa, ɗiyata. Ina shi?"

Laure ta kai ta wani ɗaki mai taga. Akwai gadon ƙarfe da katifa, amma babu kowa a kai. Dankure na ƙasa a kan tabarma, yana barci, ƙafarsa a naɗe da farin ƙyalle. Luba ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Mutumin da ke jan tarun kamun kifi shi kaɗai, ga shi nan ƙasusuwan wuyansa a waje, zoben azurfarsa ya koma babban yatsa don kada ya faɗi. Kusa da kansa ga kwano a rufe. Ta daure ta shiga, ta ɗaga murfin a hankali. Farar shinkafa ce da wasu ƙananan kifaye marasa kai, jere cikin mai, an ɗan taɓa gefe ɗaya don a ce an ci.

Laure ta ja ta gefe tana raɗa, hawaye na zuba. "Inna, ban san laifin da na yi ba. Kullum sai ya ce ya ƙoshi, Allah ya yi albarka. Shekaranjiya na gane ta taga yake zuba wa kajin maƙwabta. Na sayo kifin kasuwa a ɓoye na soya masa, ya ɗanɗana ya ajiye. Ban gaya wa Malam ba, kada ransa ya ɓaci. Shi yana ganin ciwon ne, kullum sai ya ƙaro wani abin daga kanti."

Luba ta dafa kanta. Haushin da ta taho da shi tun daga Tungar Bado ya ragu da rabi. Ta ce, "Ba ki da laihi, ɗiyata. Kina da turmi?"

Ta fito ɗaukar tulu ke nan sai ga mai gidan ya dawo daga aiki, kaki a goge, ludayi a hannu. Yana ganinta ya cire takalmi ya tsuguna.

"Inna, sannu da zuwa. Kun zo lafiya?"

Ta kawar da kai ta amsa wa katanga. "Lahiya lau."

Daidai nan wata tarwaɗa ta bugi cikin tulu, ruwa ya fantsalo. Attahiru ya dubi tulun. Ya matsa ya ɗaga ganyen bado, ya ga jan ruwan fadama da ciyayi da baƙaƙen abubuwa biyu suna juyi. Fuskarsa ta canza. Bai dubi uwar ba, ya juya wajen Labbo.

"Baba Labbo, ka yi wa Inna bayani. Yau da safe randa shida na sa aka zubar a unguwar nan, kuma ko ɗaya ba ta kai wannan ba. In aka ga na shigar da wannan gidana, da wane ido zan dubi mutane gobe? Ban da haka ma, ruwan nan shi ya kwantar da Baba. Da ƙyar aka ceto ƙafar. Ni ba zan iya mayar da shi inda aka fito ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma don son uban ya faɗe ta, Luba ta ji haka a muryarsa. Abin da ya kamata ta ce a fili yake: ubanka kajin maƙwabta yake ciyarwa, yunwa za ta kashe shi. Maganar ta zo mata har baki. Amma faɗin haka tona asirin maigida ne, kuma cewa ne da ɗan fari a gaban mutane ƙoƙarinka duk banza. Ba ta taɓa yi masa doguwar magana ido da ido ba, ba kuwa za ta fara da wannan ba. Ta haɗiye.

Ta ce, "Labbo, hwaɗa ma mai gidan ga ya kwantar da hankalinai. Tulu ba ya shiga."

Ta sunkuya ta ɗauki abinta ita kaɗai, ta bi gindin katanga ta waje tana ƙirga taku, har ta zo daidai ƙarƙashin tagar nan da ta gani. Nan ta sauke. Ta nemo duwatsu uku ta kafa murhu a bakin hanya, ta aiki Labbo ya samo itace.

Kafin wuta ta kama, unguwa ta ji. Mata na leƙe ta kan katanga, masu wucewa na rage tafiya. Uwar duba-gari ce ke girki a kan titi, ga tulun ruwan gulbi a gefenta a buɗe. Waɗanda aka zubar wa randa da safe har da neman wurin zama. Attahiru na tsaye a ƙofar zaure, ya rasa inda zai sa kansa, gumi ya jiƙa masa kaki. Sai ga Laure ta fito da turmi a ka da taɓarya a hannu, ta wuce ta gaban mijinta ba ta dube shi ba, ta ajiye a gaban surukarta.

Su biyu suka surfa shinkafar, suka bushe ta, jar ƙwaya ta fito tana ƙamshin sabon kaka. Luba ta tsiyaya ruwan gora a tukunya. Attahiru ya kasa daurewa, ya matso.

"Baba Labbo, ko ruwan nan dai a tafasa shi tukuna."

Luba ta ce wa Laure, "Ɗiyata, tambayi mijinki, can makarantarsu da ɗanyen ruwa aka tuƙa tuwo?"

Labbo ya yi dariya har da tari. Laure ta rufe baki da gefen zane. Attahiru ya koma inda yake.

Sai da tuwo ya kusa ta sa hannu a tulu ta kamo tarwaɗa ɗaya, ta yi bisimilla ta gama da ita. Ta wanke santsin da toka da ruwan zafi, ta yanka gunduwa huɗu, ta bar kan yadda yake. Ta tugo albasa daga ƙwarya ta karkaɗe ƙasar, ta yayyanka har lawashin. Tonka biyu, daddawa, gishiri, sai sure a ƙarshe. Ba mai, ba komai, kitsen kifin ya isa. Tukunya ta fara tafasa, tururi ya tashi ya bi katanga ya shige tagar.

Luba ba ta ɗaga kai ba, amma duk jikinta kunne ne. Ta ji tari. Ta ji motsin tabarma. Aka ɗan jima.

"Wa ka dahwa sure da lawashi nan?"

Muryar ta dushe, amma tasa ce. Ta ci gaba da juya miya.

"Luba? Ke ce?"

"In ba ni ba, wa?"

"Kin bar shinkahwa ga tsuntsaye."

"Na bar ta ga Allah da Hodi."

Sai muryar ta ƙara ƙarfi kaɗan. "Kada ki cika tonka."

"Yaushe na taɓa cikawa?"

"Kullum."

Attahiru na jin su. Kwana da kwanaki yana shiga ɗakin nan safe da yamma, bai taɓa samun abin da ya wuce alhamdu lillahi ba, ita ma a can ƙasan maƙogwaro. Yanzu ga tsohon yana faɗa a kan tonka. Ya dubi tagar, ya dubi ƙasan tagar, inda busasshiyar farar shinkafa ke warwatse cikin sawun kaji. Ya daɗe yana kallon wurin. Mutumin da aikinsa ke nan duba ƙasan tagogin mutane, bai taɓa duba tasa ba. Ya jingina ludayinsa da bango, ya zo ya sunkuya ya rungumi tulun da sauran tarwaɗa ɗaya a ciki, laka na shafar masa kaki, ya bi ta gaban 'yan kallo ya shige da shi gida.

Luba ta kwashe tuwo a tsohon akushi, ta zuba miya, ta aza kan a sama, ta shiga. Dankure ya riga ya tashi zaune ya jingina da ƙafar gadon ƙarfe. Suka dubi juna. Ta so ta yi masa faɗa, ta so ta yi kuka, sai ta ce kawai, "Wanke hannu."

Ya gutsuri tuwo, ya dangwala ya kai baki. Ya rufe ido yana taunawa a hankali.

"Ta bakin tudu ce, wajen giginya."

"Ita ce."

"Ba ta gama bushewa ba kinka yanke."

"In jira ta bushe kai ka bushe?"

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya sake gutsura. Ya ɗauki tsokar kifi ya duba, ya ce ta gurbin bayan gida ce, da gani babu tambaya. Luba na zaune gefe tana ƙirga lomar a ranta, kamar mai ciyar da yaron da aka yaye. Bakwai, takwas. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. A ta goma sha ɗaya ya tsaya ya numfasa, ya sha ruwa, ya ce, ƙasa-ƙasa, "Yaron nan ya yi ƙoƙari, Luba. Abin da ya kashe a kaina, Allah kaɗai ya sani. Ni ne dai abin bai wuce mini nan." Ya nuna maƙogwaro. "Kihin nan na gwangwani, ban san ranar da ya mutu ba, ban san ruwan da ya sha ba. Ko kai babu gare shi."

"Da ka hwaɗa."

"In hwaɗa ma wa?"

Ta kawar da kai, don ita ma ɗazu a ƙofar gida ta kasa faɗa.

Ya ci rabin tuwon da gunduwa biyu. Ga mai kwana ashirin bai ci ba, wannan ba kaɗan ba ne. Ya suɗe yatsu, ya yi hamdala, wannan karon da ƙarfi. Kan tarwaɗa na nan a cikin akushi bai taɓa shi ba. Sai ya miƙe lafiyayyar ƙafar, ya tura akushin a hankali wajen ƙofa, ya juya yana kallon taga kamar akwai wani abin kallo a can.

Laure, da ke jira a waje, ta sunkuyo za ta kwashe ta kai wanki. Luba ta riƙe mata hannu.

"Bar shi. Da mai shi."

Attahiru na tsaye a tsakar gida, laka a ƙirjin rigarsa. Ya ga akushin ya leƙo bakin ƙofa, tsohon akushin nan baƙi mai tsaga a gefe, da kan a ciki. Shekara ashirin da biyar rabonsa da wannan. Luba ta kawar da kai kamar yadda ta saba, amma ta wutsiyar ido tana ganinsa. Ya cire hula. Ya zo ya ɗauki akushin da hannu biyu, ya zagaya bayan ƙyaure ya tsuguna, babban mutum da shi, ga kujeru a gidan.

Laure ta tsaya baki buɗe. Tun da aka kawo ta gidan nan da cokali take ganin mijinta na cin abinci, kuma ko ƙaya ɗaya ya gani a kifi sai ya ture kwanon. Ga shi yanzu ya ɓare kan ta ƙasa da babban yatsa, yadda 'yan Tungar Bado ke yi, ya zare kumatun, yana bin ƙasusuwan ɗaya-ɗaya yana tsotsewa yana jerawa a gefen akushi. Hawaye na sauka masa har cikin miyar, bai share ba, bai kuma daina ci ba.

A cikin ɗaki ana jin ƙarar tsotson sarai. Dankure ya karkata kunne, idonsa na kan taga.

"Bai mance ba," in ji shi.

"Bai mance ba."

Ya goge fuska da tafin hannu, ya gyara zaman ƙafar mai ciwo. Can ya ce, "Na ji kamar wani abu na motsi cikin tulu a tsakar gida."

"Guda ta rage. Ta gobe ce."

"To. Ki hwaɗa ma yarinyar nan ta tsaya kusa ta ga yadda aka yi." Ya shafa ciki. "Tuwon da saura a tukunya?"

Luba ta tashi ta tafi ɗebowa.